Da Me Ake Auna Tsawon Ran Uwa?

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda ake sanarwar rasuwar dattijuwa? Kalmomin ba su cika canzawa ba: ta rasu ta na da shekara tamanin da wani abu, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. In tsohuwar malamar asibiti ce, sai a ƙara da cewa ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Daga nan sai addu'a, kowa ya kama gaban sa. To, wannan lissafin ya isa a ce an tuna da mutum? Ni dai ina ganin bai isa ba.

Ɗauki misalin macen da aka haifa a ƙasar Yauri wajen 1940, aka sa ta boko lokacin da kai 'ya mace makaranta abin gori ne, ta zama nas ko ungozomar asibiti. Ta na cikin ƙuruciyar aikin ta aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwa ya cinye gonaki da gungu-gungu da tsohon garin Bussa, aka tashi mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, ciki har da Gungawa da su ka gaji zaman tsibiri kaka da kakanni. Amma haihuwa ba ta jira a gama ƙaura, haka zazzaɓin sauro da tsargiya. Daga Yelwa zuwa Wara da ƙauyukan Shanga, irin waɗannan mata ne su ka riƙa karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, su na tafasa sirinji, wani zubin ma sai sun shiga kwalekwale kafin su kai ga mai naƙuda.

Yanzu dubi abin da ya ɓace a zamanin su. Agana, wadda ke barin zanzana a fuska in ma ta bar mutum da rai, rabon ta da Nijeriya tun 1970. An tabbatar da ƙasar ta rabu da kurkunu a 2013, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar shan-inna. Shugabanni ne su ka karɓi takardun shaida, amma hannuwan da su ka yi lamba a damtse, su ka ɗiga magani a bakin jarirai, galibin su ba a san sunayen masu su ba.

A nan gizo ke saƙar. Wanda ya tsamo ka daga kogi ba ka manta shi har abada, saboda ka ga mutuwa da idon ka. Wadda ta hana cuta kama ka kuwa, ba ka ga komai ba, don haka ba ka jin akwai bashi a kan ka. Iyakar abin da ka tuna shi ne zafin allura. Ai har tsoratar da yara ake yi da ita: "Yi shiru ko in kira mai allura!" Wato gwargwadon kyawun aikin ta, gwargwadon yadda ya ke ɓacewa. Babu mai ƙirga kaburburan da ba a haƙa ba.

Kada kuma mu mai da ita waliyyiya, don hakan ma wata hanyar mantuwa ce. Aikin dare ya raba ta da 'ya'yan ta, an sha buga mata ƙofa tsakar dare ta bar nata yaron da zazzaɓi ta tafi ga na maƙwabta. Wata ta na da faɗa, wata gajiya ta sa ta yi wa majinyaci tsawa. 'Ya'yan da su ka yi rabon uwar su da gari guda su ma sun biya wani abu. Tunawa ta gaskiya sai ta haɗa da wannan duka.

Mu da ke son fim da littafi fa, me mu ka yi mata? A finafinan mu, nas ba ta wuce ta fito riƙe da fayil ta ce "sai haƙuri". Uwa kuwa, ko dai mai hawaye a kan sallaya, ko mai raba aure. Marigayiya Hajiya Amina Garba, wato Mama Dumba, da marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, sun nuna mana za a iya riƙe mai kallo da rawar uwa, amma labarin kullum na saurayi da budurwa ne. Littattafan mu ma yawanci su na ƙarewa da biki ko haihuwar fari, alhali a nan ne shekara hamsin ta hidima ke farawa.

Don haka, mai karatu, in akwai irin wannan tsohuwa a gidan ku ko unguwar ku, kada ka jira ranar sadakar uku. Je ka zauna gaban ta, ka ce, "Iya, yaya aka yi ki ka shiga aikin nan? Wace haihuwa ce ba ki manta ba?" Ka ɗauki muryar ta a wayar ka. Ka duba ko ta na samun fanshon ta, ko akwai mai kai ta asibiti yanzu da ƙafa ta gaza. Marubuta kuma, ga labari nan kwance a bakin ruwa ya na jiran alƙalami.

Waɗanda su ka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su, ya sa hidimar su a mizani. Waɗanda ke raye, Allah ya ba mu ikon rama masu tun su na ji su na gani.