Hoton Jan-baki da Haƙƙin Mai Gona

Hoton da ya fi kowanne kyau cikin waɗanda na taɓa ɗauka ya shekara guda a cikin kwamfutata ban nuna wa kowa shi ba. Na ɗauke shi ne a watan Oktoba, a wata fadamar shinkafa da ke kusa da Haɗeja. Ran nan na baro Limawa bayan sallar asuba, na bi ta Kiyawa da Jahun, da niyyar in isa Baturiya in ga tsuntsayen ruwa da ke fara sauka a dausayin idan sanyi ya kama a Turai. Da la'asar sakaliya, ina kan hanyar komowa, sai na hango wani abu kamar hayaƙi yana murɗawa a saman gonaki. Da na matsa na ga ashe tsuntsayen jan-baki ne, dubbai a kan dubbai, suna tashi tare suna juyawa tare, rana ta yi ja a bayansu, ruwan fadama kuma yana mayar da hasken. Na tsayar da babur na yi ta ɗauka, hannuna har rawa yake yi don murna.

Ban lura da dattijon da ke tsaye a kan kunyar gonar ba sai da ya yi mini sallama. A can gefe wasu yara uku suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, muryoyinsu sun dishe saboda ihu. Ya ce, "Samari, me ka gani a nan da ya ba ka sha'awa haka?" Na ce, "Baba, tsuntsayen nan ne, ikon Allah." Na juya masa allon kyamarar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lallai sun yi kyau. A cikin akwatin nan naka ba sa cin komai."

Da na dawo gida na karanta abin da ya kamata in sani tun kafin in tafi. Jan-baki ɗaya yana cin hatsi kusan giram 10 a yini, wato garken da ya kai miliyan biyu zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Suna kwana suna hayayyafa a cikin ciyawar kacalla, wadda ta mamaye hanyoyin ruwan kwarin Haɗeja bayan da madatsun Tiga, a 1974, da Challawa, a 1992, suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Abin da na tsaya ina yi wa tasbihi, shi ne ya hana yaran nan zuwa makaranta, shi ne kuma zai iya mayar da noman shekara guda ƙaiƙayi. Tun daga ranar nake juya tambaya ɗaya a raina: shin mai wucewa yana da ikon ya ɗauki kyawun abin da yake asara ce ga mai wurin, ya tafi da shi, ya karɓi yabo a kansa?

Amsar farko da zuciyata ta kawo mini ita ce ban yi ƙarya ba. Tsuntsayen suna nan, ranar ta faɗi kamar yadda ta fito a hoton, ban ƙara komai ba ban rage ba. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji. Sai dai wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san cewa kafin ka danna, sai ka zaɓi inda hoton zai tsaya ta kusurwa huɗu. Ni na ɗaga kyamarar sama kaɗan don kada igiyar gwangwanayen ta ɓata mini sararin samaniya. Da gangan na fitar da yaran. Duk abin da ke cikin hoton gaskiya ne, amma wanda ya kalle shi a Abuja ko Landan zai tashi da fahimtar cewa fadamar Haɗeja wuri ne na natsuwa, alhali a daidai wannan lokacin mutum huɗu suna yaƙi da yunwar baɗi. Ana iya yaudarar mutum da gaskiya zalla idan aka zaɓar masa ɓangaren da zai gani.

Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. A watan Maris na 1993 jaridar New York Times ta buga hoton da Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka a kudancin Sudan: yaro ya durƙushe don yunwa, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1994, ya girgiza duniya, ya kuma jawo wa mai shi zargin cewa ya tsaya ɗaukar hoto maimakon ceto. Abin da hoton bai nuna ba shi ne cibiyar rabon abinci tana nan kusa, kuma bincike daga baya ya nuna yaron ya tsira daga wannan yunwar. Masu zargi da masu yabo duk sun yi hukunci ne a kan abin da kusurwa huɗu suka bari su gani.

Amsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba na raina ta. Idan kowa ya ajiye kyamararsa don kunya, wa zai san halin da ƙauye ke ciki? A ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Kafin Hausa da Haɗeja, hotunan da mutane suka yi ta ɗauka da wayoyinsu ne suka sa na nesa suka san girman abin. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da yawa daga cikinmu 'yan Jigawa a hoto muka fara ganinsu. Dausayin Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, ba zai samu masu kare shi ba idan ba a san da shi ba. Addininmu ma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa da lura da halitta. Don haka ba na cewa ɗaukar hoton daji da ƙauye laifi ne. Abin da nake cewa shi ne yana zuwa da bashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bashin farko na abin da kyamara ke sa mutane su yi ne. Mukan ɗauka cewa ita 'yar kallo ce kawai. Wata damina na hau duwatsun da ke bayan Garu don in ɗauki garin daga sama, da itatuwan dabinonsa. A gindin wani dutse na tarar da yara suna tsalle suna tsunduma cikin kududdufi. Da suka ga kyamara sai wasan ya canza. Wanda ke tsalle daga ƙasa ya hau mataki na biyu, wani ya ce zai yi alkafura. Ni kuma da hoton farko bai fito sosai ba, sai na ce, "Ƙanena, sake yi mana." Ya sake, ya daki dutse da ƙafa, aka fito da shi yana jini. Allah ya taƙaita, rauni ne na 'yan kwanaki. Amma tsallen nan na biyu ba nasa ba ne, nawa ne, domin ni na nema, shi kuma ya biya da jikinsa. Duk mai ɗaukar hoton masu hawan dutse ko masu ninkaya ko masu sukuwar doki ya san cewa hatsari shi ke sa hoto ya yi armashi, kuma ba a jikin mai kyamara yake sauka ba.

Bashi na biyu na fi ganinsa ne saboda aikina na rubuta manhajar kwamfuta. Wayar da aka bar wa damar sanin wuri tana rubuta lambobin taswira a cikin kowane hoto, tare da rana da sa'a. Wasu kafafen sada zumunta suna goge waɗannan bayanai kafin jama'a su gani, amma idan aka tura ainihin fayil ɗin suna tafiya tare da shi, kuma ko an goge, sau da yawa mu da kanmu muke rubuta sunan ƙauyen a ƙasa. Muna yara ungulu ba abin kallo ba ce a mahauta. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sanya irin wadda muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautar masu sayar da sassanta don magani. Gauraka ma ta yi wuyar gani a ƙasar nan. Wanda ya sami sheƙar ɗayansu ya ɗora hoton da sunan wurin, ya yi wa mafarauci rabin aikinsa kyauta. Na kuma san yadda aka gina waɗannan kafafe: abin da ya fi tsayar da ido shi suke turawa gaba. Hoton jan-baki a faɗuwar rana zai yi tafiya mai nisa, hoton zangarniyar da suka cinye kuwa da wuya ya wuce abokai goma. A hankali manhajar ke koya wa mai kyamara abin da zai kalla da abin da zai kawar da kai daga gare shi, ba tare da ya ji an tilasta masa ba.

Bashi na uku shi ne na izini, kuma shi ne wanda tarbiyyarmu ta riga ta koya mana. Babu ɗan Limawa da zai faɗa zauren mutum ba sallama, kuma Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan da ba naka ba. Amma da mun bar kwalta sai mu riƙa ganin komai kamar daji ne marar mai shi. Gonar nan gadon wani ce. Matan da ke ɗauke da ƙwarya a kan hanyar rijiya matan aure ne da 'ya'yan mutane, kuma a garinsu akwai ma'anar da hoton mace ke da ita idan ya shiga hannun baƙi. Bafulatanin da ke kora shanu da yamma ba ado ne da aka ajiye don faɗuwar rana ba. Idan Bature ya zo ya ɗauki talaucinmu ya kai gidajen nune-nune mukan ji haushi, mu ce ya mayar da mu abin kallo. Ban ga abin da ya bambanta ni da shi ba ranar da na tsaya a kan kunyar dattijon nan, in ban da cewa ni ina jin Hausa, wanda ya sa rashin sallamata ya fi nasa muni.

Akwai wanda zai ce wannan tsanani ya yi yawa, ai kyau kyau ne ko a gonar wa ya sauka. Na yarda da rabin maganar. Dattijon da kansa bai musa kyawun tsuntsayen ba. Jan-baki halittar Allah ne, yana neman abincinsa kamar yadda manomin ke neman nasa, kuma mamakin da na ji da na ga tashinsu ba zunubi ba ne. Inda na kauce shi ne da na so in raba mamakin da asarar, in tafi da ɗaya in bar wa mai gona ɗayan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma baƙon da ya yaba rufin bai tambayi inda ke zuba ba, yabonsa bai cika ba.

Da kaka ta zagayo na wanke hoton a takarda na koma fadamar. Na sami dattijon, muka gaisa, na ba shi. Ya kira yaran suka taru suna nuna inda kowa yake tsaye a ranar, duk da cewa babu ko ɗayansu a ciki. Na tambaye shi abin da ya samu a waccan shekarar, ya ce abin da ya shiga rumbu bai kai rabin na bara waccan ba, har sai da ya sayar da akuya biyu kafin damina. Na nemi izininsa in nuna hoton tare da wannan bayani, ba tare da sunansa ko sunan ƙauyen ba. Ya ce, "Nuna, samari. Amma ka ɗauki yaran nan da gwangwanayensu ka haɗa, don a san ba barci muke yi ba." Na ɗauke su, wannan karon kyamarar tana kallon ƙasa, igiyar ta ratsa hoton daga gefe zuwa gefe. Bai kai na farko kyau ba, kuma duk inda na nuna ɗaya ina nuna ɗayan a gefensa.