Zanen Gini da Taswirar Safiyo: Buri da Haƙƙi

Duk wanda zai gina gida a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, ko a Kafanchan, duka a kudancin Kaduna, yana buƙatar takardu biyu idan yana son izinin hukuma. Ta farko taswirar safiyo ce, wadda ke nuna iyakar fili da turakun simintin da aka kafa a kusurwoyinsa. Ta biyu zanen gini ne, wanda a yau ake yi a kwamfuta da manhaja irin su AutoCAD. Zanen gini yana ɗauke da burin mai gida, taswirar safiyo kuwa tana nuna inda haƙƙinsa ya ƙare.

Haɗa su yana da ƙa'ida. Mai zane yakan auna da milimita, safiyo da mita, don haka sai an daidaita ma'auni, an juya zanen ya dace da arewar taswira, sannan a ɗora shi a kanta. Masu sana'ar sun san cewa zanen ginin ake matsarwa, ba a taɓa layin safiyo.

Wannan ƙa'ida ta yi daidai da koyarwar addini. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an yi gargaɗin azaba mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani. A Littafi Mai Tsarki, Littafin Karin Magana 22:28 ma ya hana kawar da tsohuwar alamar iyaka. Musulmi da Kirista na kudancin Kaduna sun haɗu a nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ma amana ta kira ƙasar jiha a hannun gwamna.

A da, itacen aduruku da shaidar dattawa ke tsare iyaka, kuma mai tumɓuke shi sai ya fake da dare. Yanzu matsar da layi rabin mita a kwamfuta ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu, ba kuma mai gani. Sauƙin aikin bai rage nauyin zunubin ba, domin rabin mitar nan lungun maƙwabci ne ko hanyar ruwan unguwa.

Kwamfuta tana auna tsawo da faɗi, amma ba ta san halal da haram ba. Alhakin yana wuyan mai zane, da safiyo, da mai gidan da ya ba da umarni. Gidan da ya tsaya cikin iyakarsa shi ake kwana a cikinsa da kwanciyar hankali.