Madarar Uli da Tambayar da Ta Bari

Ga wata tambaya mai wuya. Idan abincin da ka kai wa mayunwata ya sa yaƙi ya daɗe, ka yi alheri ke nan ko kuwa ɓarna?

Ba tatsuniya ba ce. A 1966 dubban Inyamurai su ka gudu daga garuruwanmu na Arewa, su ka koma Gabas. A 1967 yaƙin basasa ya tashi, sojan tarayya su ka tsare hanyoyin Biyafara ta ƙasa da ta teku. Da kifi da nama su ka yanke, sai cutar kwashiyoko ta faɗa wa yara. Ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya zube. Maganinta ba wani abin mamaki ba ne, madarar gari ce da busasshen kifi, amma ta ina za su shiga?

Sai ekklesiyoyin Turai da Amurka, Katolika da Furotesta, su ka haɗa kai cikin Joint Church Aid. Jiragensu na tashi daga tsibirin Sawo Tome da dare, su sauka a Uli, inda a ka mai da hanyar mota filin jirgi. Sun yi sawu fiye da 5,000. A watan Yuni 1969 a ka harbo jirgin Red Cross, ita ta dakata, na ekklesiya kuwa su ka ci gaba.

To, ga ƙarar da a ke kawowa, kada kuwa mu raina ta. Jiragen makamai ma a Uli su ke sauka cikin duhun nan ɗaya. Kuɗin waje da masu agaji su ka kashe ya shiga hannun mahukuntan Biyafara. Waɗansu masana sun ce ba domin wannan ba, da yaƙin ya ƙare da wuri, da kuma sojoji da yawa, har da 'ya'yan ekklesiyoyinmu na Arewa, sun komo gida da rai.

Ni dai na auna, ban iya cewa a hana ba. Gama mai cewa a hana yana lissafin abin da watakila zai faru ne, yarinyar da ke hannun nas kuwa yau za ta mutu in ba ta sha ba. Wanda ya toshe hanya da wanda ya ƙi ajiye bindiga, su ne su ka tsawaita yaƙi. Amma fa wannan bai wanke mai agaji sarai ba. Wajibi ne ya bi sawun kuɗinsa, ya san buhunsa bakin wa ya shiga, ya kuma buɗe baki in ya ga ana ciniki da yunwar yara. Waɗansu likitocin Faransa da su ka yi aiki a can, shirun da a ka sa su yi ya dame su, har su ka shiga cikin masu kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971.

Da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, gwamnatin Janar Gowon ta ƙi karɓar taimakon Joint Church Aid, ta kuma kori limaman Katolika Turawa da yawa waɗanda su ka raba madarar nan.