Shaidar da Ke Ƙetare Iyaka

Akwai wata mas'ala da direbobi kan tayar a tashar Wadata ta birnin Yamai, musamman waɗanda suka taɓa cin rani a ƙasashen waje, ita ce: ina dalilin da mutumin da ya shekara ashirin yana jan mota tsakanin Yamai da Dosso da Birnin Ƙonni, bai taɓa take ko akuya ba, idan ya sauka wata ƙasa sai a ce lasisinsa na ɗan lokaci ne, ko ya musanya shi, ko ma ya koma gaban mai jarrabawa tamkar ɗan koyo? Shin gwaninta zubewa take yi a bakin iyaka?

A ganina, asalin ruɗanin shi ne ɗaukar takardar a matsayin gwaninta, alhali kuwa shaida ce kawai wadda wata hukuma ta bayar, cewa a rana kaza ta jarraba wane, ta same shi ya cancanci a ba shi amanar rayukan bayin Allah. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan a babin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, kamar yadda ya zo a Tuhfa ta Ibnu Asim, inda suka nuna cewa alƙalin da wasiƙa ta iske ba ya zartar da abin da ke cikinta har sai ya tabbata daga takwaransa ta fito, ko ta bakin shaidu adilai, ko ta sanin rubutun hannunsa. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 ba su wuce wannan ma'ana ba, domin lasisin ƙasa da ƙasa da suka tanada, mai wa'adin shekara ɗaya a ta farko, har zuwa uku a ta biyu, fassara ce ta shaidar gida, ba wata sabuwar jarrabawa ake yi kafin a bayar da shi ba.

Sa'an nan kowace shaida tana da muhalli da zamani. Kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagu, direban Sakkwato da ya wuce Illela ya doshi Ƙonni dole ne ya sauya hannu, wanda kuwa ya jarraba shi a gida bai shaide shi a kan wannan ba. Haka nan idon da aka auna yana ɗan shekara ashirin da biyar ba shi ne idon ɗan sittin ba. Hikimar sabunta lasisi ke nan, ko da yake ba na musun cewa baitulmali ma yana da rabonsa a ciki.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne batun wanda ya sayi takardar da toshiyar baki, yana kafa hujja da cewa ai ya fi mai jarrabawar iya tuƙi. Ko da a ce gaskiya ya faɗa, abin da ke aljihunsa shaidar zur ce, domin tana cewa an ga abin da ba a gani ba, shaidar zur kuwa tana cikin manyan kaba'irai ba tare da saɓani ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta take a wuyan mahayinta da mai janta da mai korarta, to ina ga ƙarfen da ke ketawa ta gadar Kennedy a Yamai da yamma, ana gogayya da babura da masu tafiya a ƙasa? Kuma cutar ba ta tsaya a kansa ba, don kuwa duk takardar jabu da aka kama a waje tana rage darajar hatimin ƙasar baki ɗaya. A Faransa, alal misali, baƙon da lasisinsa ba na Turai ba ne shekara ɗaya yake tuƙi da lasisin gida bayan ya zauna, a cikinta zai nemi musanya idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, in babu sai jarrabawa. Wanda zai sha wannan wahala kuwa galibi shi ne bawan Allahn da ya ci jarrabawarsa ta halal a Yamai.