Da Wane Mudu Za A Auna Kiɗa?

A shekara ta 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, wani kamfani na birnin Landan mai suna Spitfire Audio ya buɗe gasa ta intanet. Sana'ar kamfanin ita ce ɗaukar sautin kayan kiɗa, yana sayar wa masu tsara kiɗa da kwamfuta. Ya haɗa kai da masu wani wasan talabijin na Amurka da ake kira Westworld. Aka yanko ɗan sashe na wasan, inda ake tsere da motoci ana harbe-harbe, aka cire kiɗan da ke ciki, aka ce duk mai so ya sa nasa. Ba a tambayi kowa takardar makaranta ba. Mutum sama da 11,000 suka aiko da aikinsu, da yawansu kuwa ba da kiɗa suke cin abinci ba, sha'awa ce kawai.

Galibinsu sun bi hanyar da aka saba ji a fim na faɗa, wato manyan ganguna, da gogen Turawa masu yawa, da ƙahoni masu ruri. Amma alƙalan, waɗanda cikinsu har da Ramin Djawadi, mai tsara kiɗan wasan kansa, suka zaɓi wani aiki dabam. Wanda ya ci gasar ya juya kiɗansa zuwa irin siririyar ƙarar nan ta na'urorin wasan yara na shekarun 1980. Yana kuwa da dalili. A cikin labarin an yi wa ɗan wasan allurar wani abin maye mai sa mutum ya ga duniya kamar yana cikin fim, tana ta sake masa kama. Tun da idon mutumin ya sake, shi ma mai kiɗan sai ya sake kiɗa.

Da aka sanar da sakamako, sai ƙura ta tashi. Waɗansu suka ce an yi wa masu aikin kirki ba'a. Waɗansu suka ce wannan ai ba kiɗa ba ne. Har aka sami masu zagin wanda ya ci, ko da yake ba shi ya zaɓi kansa ba. Waɗansu kuma suka tsaya masa, suka ce ya kalli labarin ya ba shi abin da yake bukata.

Wannan rigima ta wuce, amma ta bar tambayar da ba ta wuce ba. Zai yiwu mutum ya yi adalci ga irin kiɗan da ba ya so? Me kuma alƙali ya kamata ya faɗa wa wanda bai ci ba?

Kunne yana da gidansu

Ba wanda aka haifa da kunne marar ɓangare. Yaro yakan tashi yana jin kiɗan gidansu da na tsararsa, tun bai san sunansa ba. Kafin ya girma, wannan kiɗa ya riga ya zama masa ma'auni. Abin da ya yi kama da shi sai ya ji daidai ne, abin da ya saɓa masa sai ya ji kamar akwai kuskure. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kukan gidansu yake ganewa.

A ce an sa makaɗin tambari ya yi alƙalancin mai kalangu. Darajar tambari tana cikin nauyinsa, da yadda ake jinsa daga nesa a san sarki ne. Darajar kalangu kuwa tana cikin yadda mai shi yake matsa tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar maganar mutum. In mai tambari ya ce, "Wannan ganga ba ta da nauyi," bai yi ƙarya ba. Amma bai faɗi kome a kan gwanintar mai kalangu ba, gama nauyi ba shi ne abin da kalangu yake nema ba.

Haɗarin irin wannan son kai shi ne mai shi ba ya jinsa a ransa kamar son kai. Alƙalin da ya karɓi toshiyar baki ya san ya yi laifi, lamirinsa yana iya damunsa da dare. Amma wanda sabo ya rinjaye shi yakan kwanta da zuciya ɗaya, yana ganin gaskiya ya bi. Shi ya sa aka ce sabo turken wawa, ko da yake wannan turke yakan ɗaure masu ilimi ma.

Tarihi ya nuna haka tun kafin intanet. A da, a Faransa akwai wata babbar gasa ta matasa masu tsara kiɗa, wadda ake kira Kyautar Roma. Maurice Ravel ya nemi wannan kyauta sau biyar bai samu ba. A 1905, yana da shekara 30, ya riga ya yi suna, aka fitar da shi tun a zagayen farko. Daga baya aka gane cewa dukan waɗanda suka kai zagayen ƙarshe almajiran malami guda ne, malamin nan kuwa yana cikin alƙalai. Abin ya zama abin kunya a jaridu. A shekarar nan aka naɗa Gabriel Fauré, malamin Ravel, shugaban makarantar kiɗa ta Paris. Yau ana kaɗa ayyukan Ravel ko'ina a duniya. Mai yiwuwa alƙalan nan ba su ga kansu a matsayin azzalumai ba. Sun ji abin da ya yi kama da koyarwarsu, suka kira shi nagari.

In an bar wa jama'a hukunci fa?

Wani zai ce maganin abin shi ne a kawar da alƙalai, a bar masu sauraro su jefa ƙuri'a. Ƙananan gasanni da yawa na intanet haka suke yi, waɗansu ma ƴan gasar ne da kansu suke ba juna maki. Amma taro ma yana da nasa turke.

A 2006 waɗansu masu bincike uku na Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wato Matthew Salganik, Peter Dodds da Duncan Watts, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun tara waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba, suka sa mutum 14,341 su saurara ta intanet, su ɗauki wadda suke so. Waɗansu an bar su su zaɓa ba tare da sanin zaɓin kowa ba. Sauran aka raba su rukuni takwas, kowane rukuni yana ganin yawan mutanen cikinsa da suka riga suka ɗauki kowace waƙa. Sai aka ga inda mutane suke ganin zaɓin juna, waƙar da ta fara samun magoya baya takan yi wa sauran nisa ƙwarai. Waƙa guda kuma takan yi sama a wannan rukuni, ta yi ƙasa a wancan. Waɗanda suka fi kyau ba su cika faɗuwa warwas ba, marasa kyau kuma ba su cika yin fice ba, amma a tsakanin nan kome yana iya faruwa.

Ashe mutum ba da kunnensa kaɗai yake ji ba, yana ji da kunnen na kusa da shi. In kuwa yawancin masu ƙuri'a masoyan kiɗa iri ɗaya ne, wanda ya zo da wani iri ya faɗi tun kafin a saurare shi. A rigimar 2020 ma haka ne. Alƙalan sun karɓi baƙon kiɗa, ƴan gasa ne da yawa suka ƙi shi. Duk wanda ya saurari aikin ɗan'uwansa ya yanke masa hukunci, shi ma alƙali ne, ko ba a ba shi kujera ba.

Bashin magana

Mai sha'awar da ya shiga gasa ya san da wuya ya ci. Abin da yake nema sau da yawa shi ne wani ya saurare shi da gaske, ya faɗa masa inda yake. Ya kwana yana gyara aikinsa bayan ya taso daga wurin neman abinci. In aka mayar masa da shiru, zai ƙaga wa kansa dalili, dalilin da zuciya mai ciwo take ƙagawa kuwa ba ya cika zama alheri.

Lalle a babbar gasa ba ya yiwuwa a amsa wa kowa. Aiki 11,000, ko da a ce kowanne minti huɗu ne, ya haura awa 700 na sauraro. Amma a ƙananan gasanni, inda ƴan gasa suke rubuta wa juna ra'ayi, akwai zarafi, a nan ne kuma halin mutum yake fitowa.

Akwai mai yabon banza. Yakan rubuta wa kowa, "Ya yi kyau ƙwarai," don a rama masa. Wannan bai ba da kome ba, ciniki ya yi. Ya kuma cuci wanda ya yaba, gama ya bar shi cikin kuskurensa yana murna.

Akwai mai sara da gatari, wanda yake fakewa da cewa gaskiya ɗaci gare ta. Gaskiya takan yi ɗaci, amma ba duk abu mai ɗaci ne gaskiya ba. Da yake ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa magana, yakan rubuta abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi wuyar ganewa domin yana da ladabi. Yakan ce, "Da ka ƙara ganguna a nan, da ka rage wancan." In aka bi shawararsa duka, aikin zai koma irin nasa. Bai tambayi inda mai aikin ya nufa ba, ya dai nuna masa hanyar gidansu.

Gyara na gaskiya yana farawa da tambaya guda: me wannan mutum ya so ya yi? Sa'an nan a duba ko ya kai. In ya nufi kiɗa mai sanyi, sai wani sauti ya yi ƙara ya rufe sauran, wannan kuskure ne, a faɗa masa wurin, a faɗa masa dalili. In kuwa sanyin kansa ne bai gamshi mai sauraro ba, sai ya ce, "Wannan ba irin da na saba ba ne." Maganganun nan biyu dabam suke. Mai haɗa su yana auna hatsin wani da mudun da bai nuna masa ba. Mai rarrabe su kuwa ana iya jin maganarsa ba tare da fushi ba, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wata ƙalubala

Mai tunani zai iya cewa, in za a auna kowane kiɗa da nasa mudu, ta yaya za a fitar da na ɗaya? In mai tambari ya ƙware, mai kalangu ma ya ƙware, tilas a ƙarshe a fifita ɗaya, abin da zai raba gardamar kuwa shi ne abin da alƙali ya fi so.

Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa za a iya kawar da ita duka ba. Kiɗa ba tseren doki ba ne da za a ga wanda ya riga isa. Akwai abubuwan da ake iya aunawa a kowane iri, kamar ko mai kiɗan ya iya kayan aikinsa, ko ya bi ƙa'idar gasar, ko aikinsa yana da kai da gindi. Amma bayan an gama wannan, akwai sauran da ya rage ga ra'ayi. Adalci ba zai iya cire ra'ayi daga kunnen alƙali ba. Abin da yake bukata shi ne kada a sa wa ra'ayi rigar doka. Alƙalin da ya ce, "Dukansu biyu sun ƙware, amma wannan ya fi taɓa ni," ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce, "Wancan ba kiɗa ba ne," alhali bai san ƙa'idarsa ba, ya ba da shaida a kan abin da bai sani ba.

Abin da ya wajaba a kan kowa

Masu shirya gasa su faɗi abin da suke nema tun kafin a fara. In iri ɗaya ake so, a ce haka, kada mutane su ɓata kwanakinsu. In kowane iri ake karɓa, a nemo alƙalai daga gidaje dabam dabam, a ɓoye sunayen ƴan gasa, a kuma ɓoye ƙuri'u har a gama jefawa. Wannan ba ga intanet kaɗai ya tsaya ba. Inda ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyi suke gasa, wata ta zo da waƙar littafi mai murya huɗu, wata ta zo da tulu da ganga da amshi, alƙalin da ya taso da ɗayan yana bukatar ya tsare kansa haka nan.

Alƙali ya san turkensa. In ya ji aikin da ya saɓa masa, ya sake saurara kafin ya sa maki, ya tambayi wanda ya san irin. Wannan tawali'u ne, ba ya kuwa rage masa daraja.

Wanda bai ci ba shi ma yana da nasa nauyi. Yana da iko ya tambayi dalili, yana da iko ya ce bai yarda da hukuncin ba. Amma kafin ya ce an yi son kai, ya tambayi zuciyarsa ko da aiki irin nasa ne ya ci, da zai yi gunaguni. In amsar a'a ce, to, ba adalci yake nema ba, yana so ne a auna kowa da mudunsa. Ya koma ya saurari aikin da ya ci sau ɗaya kuma, yana neman abin da mai shi ya nufa. Mai yiwuwa har yanzu ba zai so shi ba. Amma zai iya rubuta wa ɗan'uwansa magana ta gaskiya wadda za ta amfane shi, irin wadda shi ma yake jira a rubuta masa.