Shin Ya Halatta A Wahalar Da Dabba Don Neman Maganin Ciwon Ɓarin Kai?

Da yawanmu mun san ciwon ɓarin kai, wanda ke zuwa da tashin zuciya da ƙin haske, wani lokacin har da walƙiya a ido. Mata sun ninka maza kusan sau 3 wajen fama da shi.

A 1944 wani ɗan Burazil, Aristides Leão, yana bincike a Jami'ar Harvad ta Amurka, ya ɗora siraran wayoyi a ƙwaƙwalwar zomayen da aka sa barci. Sai ya ga aikin ƙwaƙwalwar yana ɗaukewa, ɗaukewar tana rarrafe kimanin milimita 3 a minti guda, kamar ruwa yana bin tabarma. Masana na ganin ita ke kawo waccan walƙiyar. Har yau ana auna ta a ɓeraye, ana gwada magungunan rigakafi. Amma sau da yawa sai an huda ƙoƙon kan dabbar, kuma galibi ba ta tsira.

To, ya halatta?

Wata za ta ce, ai ɓera ne! A sito-siton Kasuwar Singa kullum ana sa masa guba saboda buhunan shinkafa da fulawa, wa ya yi magana? Gaskiya ne, shari'a ta yarda a kashe shi don tunkuɗe ɓarnarsa. Sai dai ɓeran ɗakin bincike bai ci buhun kowa ba. Mu ke da buƙata a wurinsa, don haka nauyin ya fi yawa a kanmu. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci, kuma ko yanka an umarce mu da kyautata shi.

A fahimtata ya halatta saboda lalura, ita kuwa lalura gwargwadonta ake ɗauka. A sa dabbar barci kafin a taɓa ta, kada a yi da goma in biyar sun isa, in akwai wata hanya a bi ta.

Uwargida, wannan ma'auni ya shafi gidanki. Ɓeran da ya maƙale a gam, kada a bar yara su yi wasa da shi har ya mutu. Kazar da aka ɗaure, a ba ta ruwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.