Rijiya ko ledar jini: me za mu yi wa mamatanmu?



Mu da neman abinci ya kawo Legas, yawanci ta waya mutuwa ke riskar mu. A kira mutum da asuba a ce tsohuwa ta cika a Katsina ko Gusau, kafin ya samu mota daga Agege an riga an kai ta makwancinta. Ya je ya tarar da zaman makoki, ya dawo da nauyi a zuci: bai yi jinya ba, bai ɗauki makara ba. Wannan nauyin ne ke sa mu neman abin da za mu yi wa mamaci da aljihu, tunda ba mu samu yi da jiki ba.

Ladan sadaka na isa ga mamaci, wannan malamai ba su saɓa a kai ba. Sa'adu ɗan Ubada, Allah Ya ƙara masa yarda, ba ya gari mahaifiyarsa ta rasu, kamar dai yadda ke faruwa da mu. Ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa mata rijiya. Daga nan muka riƙe rijiya, kuma alheri ne. Sai dai malamai da dama sun yi bayanin cewa ruwa ya samu wannan fifikon ne saboda shi mutane suka fi buƙata a lokacin. To mu a nan, mece ce buƙatar da ta fi ƙona mutane?

Duk wanda ke zaune Idi-Araba ya san amsar, don asibitin koyarwa na LUTH na nan kusa da mu, cibiyar masu sikila ta ƙasa kuma tana kallonsa. Ana ƙiyasta cewa duk shekara ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Yaro mai sikila yana buƙatar magani kullum, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wani lokaci da ƙarin jini cikin dare. Ubansa kuwa mai shayi ne, ko ɗan dako a Mile 12, ga shi ba dangi kusa da za su tallafa.

Mun san abin da wasunmu ke cewa, kuma ba maganar banza ba ce: "Malam, magani ai sha ake ya ƙare. Rijiya tana nan shekara talatin, ita ce sadaka mai gudana." Wani ma sai ya ƙara da tambayar da ta fi nauyi: in na biya kuɗin kuma yaron ya rasu fa, ladan tsohuwa ya tsaya ke nan?

Mu yi wa kanmu adalci a nan. Rijiyar burtsatse nawa muka sani da famfonta ya lalace tun shekarar farko, ba wanda ya waiwaye ta, sai allon sunan marigayi ke tsaye? Yaron da ya tashi kuwa zai yi salla, ya yi karatu, ya ciyar da wasu, ya haifi masu yin haka. In gudana ake nema, ga ta nan. Wanda Allah Ya karɓi abinSa kuma, ba mu ne muke rayarwa ba balle a ce mun yi asara. An rage masa raɗaɗin dare ɗaya, uwarsa ta ga an yi iya yi, ba ta koma ɗaki tana cewa da da kuɗi da ɗana bai tafi ba. A ganinmu wanda ke tsoron kada sadakarsa ta bi yaro kabari, lissafin kasuwa ya shigo da shi inda ba wurinsa ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Siminti yana ɗaukar suna, ledar jini ba ta ɗauka. Sa sunan mamaci ba laifi ba ne a kan kansa. Asibitin yara na Hasiya Bayero a Kano sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado yake ɗauke da shi, kuma wanda ya karanta suna yakan yi addu'a. Amma kowa ya tambayi zuciyarsa: in aka ce ba allo, ba sanarwa bayan sallar Juma'a, zai ba da kuɗin yadda ya yi niyya, ko zai rage? Mamaci dai ba ya ganin allo, mu ne ke gani.

Sai batun ɗan wa za a taimaka. A ɗakin yara gadon ɗan Bahaushe na jikin na ɗan Bayarabe da na ɗan Ibo, Musulmi da Kirista, kukansu iri ɗaya. Addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare ba zai sa mu tsaya tambayar sunan uban yaro ba. Ga shi kuwa a garin mutane muke ci muke sha.

Ba mu shiga muhawarar sadakar uku da bakwai da arba'in ba, kowa da malaminsa. Abin da muke roƙo shi ne, in iyali sun zauna lissafin shinkafa da rumfa da kujeru, a ware wani kaso a ce wannan na yara marasa lafiya ne. A je asibiti mutum biyu, a nemi ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya su nuna wanda ya fi buƙata, a biya a wurin biyan kuɗi a karɓi rasit. Kuma don Allah kada a ɗauki hoton yaro yana kwance a yaɗa a WhatsApp. Dangin da ke gida suna son shaida, rasit ya ishe su.